Samaru, Legas, Haidarabad ko Boston: Ina Za Ka Kai Iliminka na Magani da Halittu?

Wata Asabar bayan la'asar 'yar yayata ta shigo da takardu uku a jakarta. Ta karanta haɗa magunguna a ABU, ta kuma gama bautar ƙasa. Takarda ta farko tayin aiki ne daga wata masana'antar magani a Ota, kusa da Legas. Ta biyu fom ɗin neman gurbin digiri na biyu a Indiya. Ta uku saƙon wani malaminta ne, yana so ta dawo Samaru su ci gaba da aiki a kan wani tsiro da suke sa ran zai taimaki masu ciwon sukari. Ta baje su a kan tabarma ta ce, "Kawu, ga shi kuma ƙawata da ke Boston a Amurka ta ce duk ɓata lokaci nake yi, in nemi can kawai."

Na ce mata, "'Yata, kafin ki tambayi wanne ya fi, fara tambayar kanki me kike so ya fito daga hannunki nan da shekara goma. Takardar bincike ce, ƙwayar magani ce, buhun iri ne, ko kamfani?" Abin da muka tattauna ranar shi na faɗaɗa a nan, don ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba. Duk shekara Samaru da Shika na yaye masu ilimin magani, likitocin dabbobi, masana sinadaran jiki da masu kyautata iri, kuma yawancinsu da jin sunan wuri kawai suke yanke shawara.

Abin da ake aunawa

Masana suna da dogon suna ga abin nan, wai tsarin ƙirƙira na yanki. Ni da sana'ar fata nake fahimtarsa. Mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya ɗinka, dillali ya kai kasuwa. In majemin yana nan, badukun yana wata uwa duniya, ba su ma san juna ba, to fatar ruɓewa za ta yi komai kyawunta. Haka harkar magani da iri take. Akwai ɗakin bincike, akwai asibiti ko gonar gwaji, akwai mai zuba kuɗi, akwai hukumar da ke ba da izini, akwai masana'anta, akwai mai saye. Ƙarfin gari ba a yawan farfesoshinsa yake ba, a kusancin waɗannan shida yake, da yadda abu ke wucewa daga hannun wannan zuwa na wancan.

Saboda haka abu biyar nake dubawa. Na farko, sarƙar: hannu nawa daga cikin shidan za ka iya riska a tafiyar yini ɗaya? Na biyu, tsada, da kuma wa ke biya, kai ko wani. Na uku, ɗorewa: in gwamnati ta canza, ko dala ta tashi, ko aka shiga yajin aiki, aikin zai tsaya? Na huɗu, sauƙin shiga ga mai riƙe da koren fasfo. Na biyar, haɗari, wato abin da za ka yi asara in abin bai yi ba. Ka lura ban sa suna da ɗaukaka a ciki ba. Suna yana da amfaninsa a takardar neman aiki, amma ba ya kunna janareta.

Zariya: Samaru, Shika da Basawa

Mutanen Zariya kan raina abin da ke ƙofar gidansu. A 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, shekara arba'in kafin a buɗe ABU a 1962, ita ce ta zama IAR. Masara, dawa, gyaɗa, wake da auduga duk suna cikin amfanin gonar da aka ɗora mata alhakin kyautatawa, shi ya sa sunayen irin ke farawa da SAM: SAMMAZ, SAMSORG, SAMNUT, SAMPEA, SAMCOT. A Shika akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi, NAPRI, inda aka fitar da kajin ƙwai na Shika Brown, ga kuma asibitin koyarwa. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai, NARICT. A Samaru akwai cibiyar fata, akwai NAERLS mai kai sakamakon bincike ga manoma, akwai tsangayar likitan dabbobi da asibitinta, akwai tsangayar haɗa magunguna. Gangara Kaduna, ga cibiyar binciken sammore da ƙudan tsando, ga ɗakin gwajin NAFDAC. Ko cibiyar Vom mai yin rigakafin dabbobi, a Zariya sashen ya fara a 1913 kafin a mayar da shi can a 1924. Gari nawa ne a Afirka ta Yamma suka tara irin wannan a wuri guda?

To amma tarin cibiyoyi ba shi ne sarƙa ba. A nan ne ya kamata a raba Zariya gida biyu.

A ɓangaren iri, sarƙar ta haɗu. Ɗauki waken SAMPEA 20-T. Tsutsar maruka takan cinye fure da ƙwanson wake, har manomi ya yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Masana a Ostareliya suka sa wa waken wata ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa don ya kare kansa daga tsutsar, gidauniyar AATF da ke Nairobi ta haɗa hannayen, IAR ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku ta yi gwajin gona tun daga 2009. Hukumar NBMA, mai ba da izinin irin da aka taɓa ƙwayoyin gadonsa, ta amince a farkon 2019, aka saki irin a Disambar shekarar, feshi ya koma kamar sau biyu. A Janairun 2024 kuma aka saki masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ma an taɓa ƙwayoyin gadonta. Akwai masu adawa da irin da aka taɓa ƙwayoyin gadonsa, kuma muhawarar ba ta mutu ba, duk mai shiga harkar ya san da haka. Abin da nake nunawa shi ne hanyar: daga ɗakin gwaji zuwa gonar gwaji, zuwa hukuma, zuwa kamfanonin iri irin su Premier Seed da ke Chikaji, zuwa mai shagon kayan noma, zuwa manomin Giwa ko Soba ko Maƙarfi. Mai binciken zai iya hawa mashin ya je ya ga irinsa a gonar mutum, manomin ya ce masa, "Malam, wannan yana nuna da wuri amma ƙwayar ta yi ƙanana." Wannan maganar ta fi rahoto mai shafi hamsin. Boston ma ba za ta ba ka ita ba.

A ɓangaren maganin mutum kuwa, sarƙar takan tsinke bayan an ɗaure kundin digiri. Ilimin akwai shi. Marigayi Farfesa Andrew Nok a Samaru ya yi aikinsa kan ƙwayar cutar barci da sammore, har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009, kuma Bankin Duniya ya tallafa wa wata cibiya a ABU mai binciken cututtukan da duniya ta yi watsi da su. Sai dai daga ɓeran gwaji zuwa ƙwaya a cikin kwali akwai tafiya mai nisa: tace sinadarin, auna gubarsa, gwaji a kan mutane mataki uku, rajista, sarrafawa. Kusan duk waɗannan babu mai ɗaukar nauyinsu a nan. Ɗakunan karatu cike suke da kundaye a kan sabara, marke, zogale da darbejiya, ƙura ta rufe su.

Labarin Niprisan ya ishi mai hankali. Ba a Zariya aka yi shi ba, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ce ta haɗa shi don masu sikila, daga tsirrai da suka haɗa da masoro, kanumfari da ganyen dawa. Ya yi aiki a gwaji, aka ba wani kamfanin Amurka lasisi a 2002, aka fara sayarwa da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, magani ya ɓace daga kanti tsawon shekaru. Kimiyyar ba ta gaza ba, kuɗi da gudanarwa ne suka gaza.

Batun tsada, Zariya ta fi kowa rahusa ta fuskar haya, abinci, filin gwaji da masu taya aiki. Amma duk wani sinadarin gwaji da dala ake sayensa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a dala ɗaya cikin ƙasa da shekara, ƙaramin tallafin bincike ya zama kuɗin cefane. Ga wuta. A wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki, muna da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, cike da samfurin jini na wata huɗu da muka bi rugage muka tara. Daren wata Juma'a aka ɗauke wuta, dizal ya ƙare, mai gadi bai da lambar kowa. Da safe na buɗe na tarar ƙanƙarar ta zama ruwa, takardun da muka manna a jikin kwalabe suna yawo a ƙasa. Babu wanda ya yi magana. Ɗalibin da aikin digirinsa ke ciki ya zauna a dandamali ya dafe kai. Tun daga Afrilun 2024 da kuɗin wutar Band A ya haura naira 200 daga ƙasa da 70, wannan ciwon ya ƙaru.

Ɗorewa kuma fuska biyu gare ta. Cibiya mai shekara ɗari ba za ta ɓace gobe ba. Amma yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma ƙwayar halitta da ke girma a kwalba ba ta san an rufe makaranta ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato yarda. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da ƙauracewar rigakafin shan inna a 2003, har yau suna bakin mutane. Duk wanda zai yi gwajin magani a kan mutane a Arewa sai ya zauna da malamai da masu unguwa, ya yi bayani da Hausa dalla-dalla. Ɗan gida ya fi baƙo iya wannan, kuma jari ne da ba a saye da dala.

Legas, Ota da Sagamu

In Zariya majema ce, Legas ce wurin dukawa. Masana'antun magani na ƙasar nan a nan suka fi taruwa: May & Baker da ta fara a Najeriya tun 1944, Emzor da Dakta Stella Okoli ta fara da shagon magani a 1977, Fidson da masana'antarta a Ota, Swipha wadda a 2023 ta zama ta farko a Afirka ta Yamma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance maganinta, ƙwayar zinc ta masu gudawa. Ga cibiyar binciken lafiya NIMR a Yaba, ga manyan ɗakunan gwajin NAFDAC, ga tashar jiragen ruwa, ga bankuna. NAFDAC ta kai mataki na 3 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, abin da ya ƙara wa rajistarta ƙima a waje.

Abin da za ka koya a nan Samaru ba ta koyar da shi: yadda ake buga ƙwaya dubu ɗari biyar duk nauyinsu ɗaya, yadda ake cika takardar kowane rukuni, yadda ake shirya wa sufetocin hukuma. Aiki ne mai gajiyarwa, na sa hula da safar hannu da tsayuwar awa takwas, amma shi ne gishirin sana'ar.

Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin abin da ake yi haɗawa ne, ba ƙirƙira ba. Sinadarin asali daga Indiya da Sin ake shigo da shi, a gauraya, a buga, a sa a kwali. Emzor ta ɗauko gina masana'antar sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro a Sagamu don cike wannan giɓi, amma tsuntsu ɗaya ba ya zama garke. Kamfanonin ba su cika zuwa jami'a neman sabon abu ba, jami'o'in ma ba su cika ƙwanƙwasa musu ƙofa ba. Ɗakin yin rigakafi na Yaba, wanda ya yi na shawara da agana da ciwon haukan kare tun daga 1940, an rufe shi a 1991 da sunan gyara.

Tsada a Legas ba sai an faɗa ba, haya kaɗai na iya cinye rabin albashin sabon ma'aikaci, sannan ga cunkoson hanyar Sango. Ga mai son buɗe nasa kuma, kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, wane magani ne zai biya irin wannan bashi? Umarnin shugaban ƙasa na Yunin 2024 da ya cire haraji a kan kayan haɗa magani ya ɗan sassauta. Ta fuskar haɗari, a 2023 manyan kamfanonin magani na waje suka ja da baya: GSK ta sanar da naɗe tabarmarta, Sanofi ma ta miƙa rarraba kayanta ga wani. A shekarar ce kuma 54gene, kamfanin binciken ƙwayoyin gado da aka kafa a 2019 ya tara wajen dala miliyan 45, ya rufe. Duk da haka kasuwar mutum sama da miliyan 200 tana nan, kuma fitar baƙi ta buɗe wa na gida fili. Sauƙin shiga kuwa, babu biza, motar dare kawai.

Haidarabad

Wannan ne wurin da na fi so matasanmu su yi nazari, don daga inda muke suka taso. A 1961 gwamnatin Indiya ta kafa kamfanin magani na gwamnati, IDPL, da masana'anta a Haidarabad. Kamfanin bai yi ƙarko ba, amma ya horar da ɗaruruwan masana sinadarai, cikinsu har da Anji Reddy wanda ya kafa Dr. Reddy's a 1984. Dokar mallakar fasaha ta 1970 ta ba su damar kwaikwayon maganin waje muddin sun bi wata hanyar haɗawa daban, suka yi shekara 35 suna gogewa kafin a canza dokar a 2005. Shantha Biotechnics ta fitar da rigakafin ciwon hanta a 1997 ta karya farashinsa. Krishna Ella ya dawo daga Amurka ya kafa Bharat Biotech a 1996, kamfanin da ya yi rigakafin taifod da na gudawar yara da Covaxin na korona. Biological E tun 1953 take. A 1999 gwamnatin jiha ta ware fili a wajen gari aka kira shi Genome Valley, aka kai wuta da ruwa da ɗakunan gwaji na haya.

Ka ga dukkan hannayen a gari ɗaya: cibiyoyin bincike irin su CCMB da IICT, masu yin sinadarin asali, masu bugawa, masu yin gwaji da haya, masu gyaran injin, masu kuɗi. Injin ya lalace da safe, makaniki ya zo kafin azahar. A wurinmu sai a jira wata uku a turo wani daga Turai. Ga mutumin Samaru akwai wata igiya ta musamman: hedikwatar ICRISAT, mai binciken dawa da gero da gyaɗa, a Patanceru take kusa da birnin tun 1972, kuma tana da ofis a Kano. Masu dabbobi kuma ga Indian Immunologicals mai yin rigakafin ciwon baki da kofato da yawan gaske.

Tsadar rayuwa da ta makaranta ba ta kama ƙafar ta Turai ba, kuma akwai guraben tallafi ga 'yan Afirka ta hannun ICCR da TWAS da shirin C.V. Raman. Da Turanci ake koyarwa. Tsohon birnin cike yake da masallatai, abincin halal ba abin nema ba ne, wanda ga iyayen da ke tura 'ya mace wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yayata ma tambayar da ta fara yi ke nan.

Matsalar ita ce ƙofar koyo a buɗe take, ta zama kuwa a rufe. Indiya na da nata miliyoyin masu digiri, aiki ga baƙo bayan karatu yana da wuya, tallafin kafa kamfani kuma na 'yan ƙasa ne. Makarantun ma ba ɗaya suke ba, akwai na ƙwarai, akwai na neman kuɗi, kuma dillalan gurbin karatu sun fi tallata na biyun. Wasu ɗalibanmu sun sha wariya da matsalar sabunta takardun zama. Su kansu suna da rauninsu: har yanzu suna dogara da Sin wajen sinadarai da dama, ruwan Patanceru ya gurɓata da dattin masana'antu, kuma sukan sha gargaɗi daga hukumar magunguna ta Amurka kan inganci. Amma ta fuskar ɗorewa, harkar da ke ciyar da kanta daga ciniki ta fi wadda ke jiran kasafin gwamnati.

Boston da Kambrij

Ƙawar 'yata ba ƙarya ta yi ba. In sabon magani ake nema, wanda duniya ba ta taɓa gani ba, unguwar Kendall da ke gefen jami'ar MIT, a Kambrij maƙwabciyar Boston, ita ce kan gaba. A 1977 majalisar birnin Kambrij ta yi dokar da ta tsara binciken sauya ƙwayoyin gado, kamfanoni suka ga an san inda aka tsaya, Biogen ta zo ta zauna. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati su kuma ba da lasisinsa. Aka kafa cibiyar bincike ta Broad a 2004, kamfanin Moderna a 2010. A 2008 jihar Masacusets ta ware dala biliyan ɗaya na shekara goma. Tun 2013 akwai LabCentral, inda mutum biyu da tunani ɗaya za su kama hayar benci da duk kayan aiki. Ga Harvard, ga manyan asibitoci, ga masu jarin da sun san tara cikin goma na magungunan da suka shiga gwajin mutane ba sa kai labari, suna zubawa duk da haka.

Da kuɗin aljihunka ba za ka iya ba, kada ma ka fara sayar da gonar gado. Hanya ɗaya ce mai ma'ana, digirin digirgir ko aikin bincike da suke biyanka. Gasar kuwa da duniya duka ake yi. Biza ta ƙara tsauri, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku, kuma dokokin na sauyawa, sai ka bincika halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin fom. A shekarar ma an taɓa kuɗin binciken da gwamnatin tarayya ke bai wa jami'o'i. Haɗarin da ya fi damuna dai wani ne: ka ƙware a kan na'urar da babu irinta a Najeriya, a kan cutar da ba ita ke kashe mutanenmu ba, ka wayi gari dawowa ta gagara.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Zariya | Legas da Ota | Haidarabad | Boston |
|---|---|---|---|---|
| Sarƙa | Cikakkiya a iri, tsinkakkiya a magani | Ƙarfi a sarrafawa, rauni a bincike | Cikakkiya a rigakafi da kwaikwayon magani | Cikakkiya a sabon magani |
| Tsada | Rayuwa da rahusa, kayan gwaji da tsada | Haya da bashi da tsada | Matsakaiciya | Sai wani ya biya maka |
| Ɗorewa | Tsofaffin cibiyoyi, yajin aiki da wuta | Kasuwa tabbas, dala na girgizawa | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi, jari na hawa da sauka |
| Sauƙin shiga | Gida ne | Babu biza | Karatu da sauƙi, aiki da wuya | Da wuya ƙwarai |
| Babban haɗari | Aiki ya ƙare a kundi | Ka tsufa kana haɗa na wasu | Makarantar bogi | Ka kasa dawowa |

Wanne ya dace da wa

Mai kyautata iri, mai ilimin ƙasa da tsirrai, likitan dabbobi, ko wanda ke son ƙaramin kamfanin iri, abincin kaji, ko gwajin cututtukan shanu: zauna a Zariya. Masu sayenka suna Giwa da Saminaka da Dawanau, dokar kare haƙƙin mai sabon iri ta 2021 kuma ta ba ka abin riƙewa. In za ka fita, fita ta wata shida ko shekara zuwa ICRISAT ko cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, ka dawo kafin damina.

Mai son wata rana ya ga sunansa a jikin kwalin magani, ko ya kafa ƙaramar masana'anta a Kaduna ko Kano: fara da Ota, shekara biyu ko uku a sashen tabbatar da inganci ko na rajista, ba sashen talla ba ko da albashinsa ya fi. Daga nan Haidarabad za ta yi maka amfani ninki biyu, don ka riga ka san tambayar da za ka yi. Wanda ya je Indiya kai tsaye daga aji yakan dawo da takarda, wanda ya je daga masana'anta yakan dawo da lambobin masu sayar da sinadari da injin.

Mai son rigakafi, na mutum ko na dabba: Haidarabad, ba tantama. Ka sa ido kuma a kan Kef Tawun, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar rigakafi ta mRNA a 2021, da Dakar mai yin rigakafin shawara tun da daɗewa.

Mai kwaɗayin bincike tsantsa, wanda makinsa ya kai kuma ya samu mai biya: tafi Boston, amma zaɓi malamin da ke aiki a kan zazzaɓin cizon sauro, sikila, lassa ko tarin fuka, wanda ke da abokan aiki a Najeriya. Cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede, wadda ta fara karanta ƙwayoyin gadon korona a Afirka a Maris 2020, da irin wannan alaƙa da Broad ta ginu.

Mai iyali, ko wanda tafiya ba ta yiwu masa ba, ya zauna gida ba tare da jin ya faɗi ba, sai dai kafin ya karɓi kowane aikin bincike ya yi tambaya uku: wa ke sayen dizal, wane kamfani ne ya ce yana son sakamakon, kuma sunan wa za a rubuta in abin ya yi kyau.

Waɗannan ukun na ba 'yata ta kai wa malaminta. Ya amsa ta farko da ta uku, ta biyun ya ce tukuna. Ta karɓi aikin Ota, ta adana fom ɗin Indiya a ƙasan akwati, ta kuma roƙe shi ya ajiye mata busasshen ganyen tsiron a inda ba ya buƙatar wuta.